Daga inuwar rana zuwa agogon kwamfuta: tarihin daidaita lokaci a Tamale

A zamanin da fataken Kano ke zuwa Salaga fataucin goro, rana ce agogonsu. Da inuwa ake gane hantsi da azahar da la'asar. Kowane gari da tsakar ranarsa, kuma hakan bai cuci kowa ba, domin saƙo ba ya riga ɗan aike isa.

Jirgin ƙasa da wayar tangaraho ne suka tilasta wa duniya neman ma'auni guda. A 1884, taron ƙasashe a birnin Washinton na Amurka ya zaɓi layin Greenwich ya zama mafarin lissafi. Layin ya ratsa Ghana ta Tema, ya wuce dab da Yendi. Tamale tana yamma da shi kaɗan, tsakar ranarta na makara da minti uku da 'yan kai, amma agogonta na GMT ne, awa ɗaya bayan na Kano.

Da kwamfuta ta zo, sai minti ya yi faɗi. Agogon da ke cikinta yakan zame a hankali, wani ya yi gaggawa, wani ya yi nawa. A 1985, David Mills, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Delaware, ya wallafa ƙa'idar NTP. Kwamfuta takan tambayi wata babbar na'ura lokaci, a rubuta sa'ar fitar tambaya da isarta, da sa'ar fitar amsa da isowarta. Daga nan sai ta ƙididdige jinkirin hanya, ta raba shi biyu, ta gyara agogonta. Manyan na'urorin kuwa, daga agogon atom suke karɓar nasu, hawa-hawa, kamar isnadin malamai. Bambancin da ke saura yawanci ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Ghana ta samu cikakkiyar intanet a 1995, da ƙoƙarin Nii Quaynor da kamfaninsa. Yau idan mai sayar da hatsi a kasuwar Aboabo ta Tamale ta karɓi kuɗi ta waya, na'urori da dama ne ke rubuta lokacin cinikin. In agogonsu ya saɓa, littafin ajiya na iya nuna an cire kuɗi kafin a zuba su, shaidar ciniki ta yi rauni. Mills ya rasu a 2024, amma ƙa'idarsa na nan tana tsare wannan amana.