Kyanwa Mai Hula Da Rikicin Karatun Yara A Amurka

A watan Mayu na shekarar 1954, marubuci John Hersey ya fitar da wata maƙala a mujallar Life yana neman dalilin da ya sa yaran Amurka da dama ke fama da koyon karatu. Ya ɗora babban laifin kan littattafan aji ɗaya, musamman jerin Dick da Jane, waɗanda kamfanin Scott Foresman ya soma bugawa tun 1930. Yaran da ke cikinsu tsaf-tsaf suke kullum, ba ƙiriniya, ba ɓarna, sai maimaita kalma ɗaya ake yi har ɗalibi ya ƙosa. Hersey ya ba da shawarar a gayyato masu zanen ban dariya, ya kuma ambaci sunan Dr. Seuss. Shekara guda bayan haka Rudolf Flesch ya ƙara rura wutar da littafinsa Why Johnny Can't Read, inda ya soki salon haddace surar kalma ba tare da sanin sautin haruffanta ba. Bahaushen da ya koyi baƙi da wasali ya haɗa su ya karanta, zai yi mamakin wannan gardama, to amma rubutun Ingilishi ba ya tafiya daidai da furucinsa kamar namu.

Dr. Seuss laƙabi ne na Theodor Geisel, wanda aka haifa a 1904 a Springfield ta jihar Massachusetts. William Spaulding, shugaban sashen littattafan makaranta na kamfanin Houghton Mifflin, shi ya miƙa masa jerin kalmomin da aka ce ɗan shekara shida zai iya ganewa, ya nemi ya rubuta labarin da yaro ba zai iya ajiyewa ba. Geisel ya ɗauka wasa ne, sai ga shi ya shafe watanni yana kai-komo, domin duk dabbar da ya so sakawa sai ya tarar babu sunanta a jerin. Daga baya ya sha faɗi cewa da ya gaji, sai ya ƙudurta ɗaukar kalmomi biyu na farko masu amsa-amo ya gina labari a kansu, ya ci karo da na kyanwa da na hula. Ko da ya ƙara wa zancen gishiri, littafin The Cat in the Hat ya fito a 1957 da kalmomi 236 kacal.

Labarin kansa tawaye ne ga Dick da Jane. Yara biyu na zaune a gida ana ruwa, uwa ba ta nan, sai wata doguwar kyanwa mai hula ja da fari ta faɗo musu, ta birkita gidan kaf, kifin cikin tasa yana ta yi mata wa'azi ba ta ji. A nan ne, a ganina, basirar take. Yaron da ya ga kyanwa ta hau ƙwallo tana riƙe da kofi da littattafai da kifin, ya san faɗuwa na tafe, kuma babu hanyar sanin yadda za ta kaya sai ya karanta layi na gaba. Hoton na taimaka masa ya canki kalmar da ta shige masa duhu, amsa-amon kuma na kama kunnensa ga sautin haruffa, abin da Flesch ke nema ke nan. Abin dariya shi ne, jerin kalmomin da Geisel ya yi aiki da shi na masu salon haddar ne.

Makarantu ba su yi rububin bugun Houghton Mifflin ba, sun riga sun saba da tsoffin littattafansu. Iyaye ne suka yi ta sayen bugun Random House a kantuna, har kwafi suka doshi miliyan ɗaya cikin shekara uku. Ganin haka, Geisel da matarsa Helen da Phyllis Cerf suka kafa Beginner Books, suka jawo wasu marubuta irin su P. D. Eastman. A 1960 mawallafi Bennett Cerf ya yi caca da shi a kan ba zai iya littafi da kalmomi 50 ba, ya amsa da Green Eggs and Ham.

Zanen nasa bai kuɓuta daga son zuciyar zamaninsa ba. Geisel ya rasu a 1991, kuma a 2021 masu kula da gadonsa suka daina buga littattafansa shida saboda yadda ya siffanta 'yan Afirka da 'yan Asiya a cikinsu. Littafin kyanwar ba ya cikin shidan.