Kufan Adar da Gobir Tudu

Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ya haura dutsi ya gangara Keita, ba zai rasa ganin tsohuwar kuka tsaye a fili ba, ƙarƙashinta tsingaro da kashin maƙera da bakin rijiya da ya cike. Wannan shi ne kufai, shaidar garin da ya tashi.

Hatta fadar sarki ba ta tsira daga wannan ba. Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar a ƙarshen ƙarni na 17, sarautarsa ta zauna a Birnin Adar. Daga baya ta koma Azau, sannan Illela, aka bar wurin farko da suna kawai.

Ƙananan garuruwa kuwa, yaƙi ne ya fara kora su. A ƙarni na 19 hare-hare sun sa talakawa da yawa suka fake a kan duwatsu. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni, a 1901 kuma Faransawa suka karya Abzinawan Kel Geres a Galma. Da ƙura ta lafa, jama'a suka sauko fadama inda ruwa yake kusa, tsofaffin mazaunai suka zama gonaki.

Yunwa ta ƙarasa abin da yaƙi ya rage: Kakalaba a 1913 zuwa 1914, farar 1931, farin 1973, da na 1984 wanda ake kira El Buhari, domin a shekarar Najeriya ta rufe iyakarta. Wasu sun tafi ci-rani Sakkwato da Kano, ba su sake dawowa ba.

Amma akwai garuruwan da himma ta tsayar. Daga 1975 aka dasa layukan bedi a kwarin Majiya domin tare iska, daga 1984 kuma aikin Keita, da taimakon Italiya, ya farfaɗo da faƙo, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun.

Djibo Hamani da Nicole Echard sun rubuta tarihin Adar a 1975 daga bakin dattawan wancan zamani, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sunayen kufai da yawa yanzu a bakin maroƙa da masu gari kaɗai suka rage, alhali da su ake raba gardamar gona da ta gado. Wajibi ne fada ta sa a rubuta su tun masu saninsu suna raye. Allah ya ja zamanin Sarki.