Daga Trovan Zuwa Ɗigon Shan-inna: Asalin Wani Zargi

Har gobe a unguwanninmu na Kakuri da Makera, in yaro ya kurumce ko farfaɗiya ta kama shi ba a gane dalili ba, sai ka ji an ce ai tun ranar da aka yi masa rigakafi ne. Wannan zargi yana da asali, kuma ya kamata mu bi sawunsa.

Iyayenmu sun ga zamanin 'yan lamba, har agana ta ɓace daga duniya a 1980. Abin da ya dagula ruwa ya faru ne a 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 10,000 a Arewa. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu jikinsu ya shanye. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin kuwa ya ce aikin sanƙarau ne. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

To, a lura, Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne da ake ba wanda ya riga ya kwanta, ba rigakafi ba ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. A 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ƙarƙashin Dokta Datti Ahmad, ta ce ɗigon shan-inna na ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Gwamna Ibrahim Shekarau ya dakatar da shi a Kano, ba a koma ba sai Yulin 2004, da aka kawo magani daga Indunusiya. Kafin a farga cutar ta ƙetara ƙasashe kusan 20.

Turawa ma ba su tsira ba. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya danganta rigakafin ƙyanda da galahanga bayan nazarin yara 12 kacal. An gano maguɗi a aikin, mujallar Lancet ta janye shi a 2010.

Gaskiya ɗaya ba za a ɓoye ta ba. Ɗigon bakin yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, kuma inda yara da yawa ba su karɓa ba, takan yi ta yawo har ta sake ƙarfi ta shanye ƙafa. Haka ya faru a Arewa daga 2005. Wato ƙin karɓar ne ya buɗe mata ƙofa.

Nijeriya ta rabu da shan-inna na asali a 2020, bayan sarakuna da malamai sun shiga gaba, wasunsu suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. Saboda haka uwar da ta zo da zargi a zauna da ita, a duba ɗanta, a faɗa mata abin da aka sani da Hausar da take ji. Rashin yin haka a 1996 shi ya jawo mana asarar 2003. Allah ya kiyaye gaba.