Montrose: Tarihin Unguwar da Ta Zama Mafakar Masu Neman Jinsi a Jihar Texas

A shekarar 1973 majalisar dokokin jihar Texas ta Amurka ta yi wa kundinta na laifuffuka garambawul. Ta soke tsofaffin haramce-haramce da dama da suka shafi abin da balagaggu ke yi a ɗakunansu, amma ta bar guda ɗaya, ta kuma taƙaita shi ga masu neman jinsi ɗaya kaɗai: sashe na 21.06. Hukuncinsa tara ce kawai, ba ɗauri. Nauyinsa yana wani wuri dabam. Muddin sashen yana nan, mai gidan haya ko mai ɗaukar ma'aikata ko alƙalin da ke yanke hukuncin riƙon 'ya'ya yana da hujjar kallon mutum a matsayin mai laifi tun kafin a kama shi da komai. Ga ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo da ta taso a wani ƙaramin gari na Texas ko Louisiana a wancan zamani, tambayar inda za a zauna tambaya ce ta abinci da tsaron rai. Amsar da dubbai suka samu ita ce Montrose, wata unguwa da ke yamma kaɗan da tsakiyar birnin Houston.

Ba don su aka gina ta ba. Wani attajiri mai suna J. W. Link ne ya yanka filayenta a 1911, da manyan tituna da layin tarago, don masu hannu da shuni. Katafaren gidansa yana nan har yau a harabar Jami'ar St. Thomas. Howard Hughes ya yi ƙuruciyarsa a unguwar, kuma Lyndon Johnson ya zauna a cikinta lokacin da yake koyarwa a wata makaranta a Houston, tun kafin ya yi mafarkin shugabancin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai manyan hanyoyin mota suka buɗe bayan gari, masu kuɗi suka kwashe iyalansu suka koma sababbin unguwanni. Gidajen da suka bari sun yi wa iyali ɗaya girma, sai aka rarraba su ɗaki-ɗaki aka ba da haya da araha.

A nan ne wata ɗabi'a ta Houston ta yi aiki. Shi kaɗai ne babban birni a Amurka da ba shi da dokar da ke keɓe wa kowace unguwa irin amfanin da za a yi da filayenta. Masu zaɓe sun ƙi ta a 1948 da 1962, suka sake ƙin ta a 1993. Abin da ke tsare unguwanni shi ne sharuɗɗan da aka rubuta a takardun filaye, kuma a sassa da yawa na Montrose waɗannan sharuɗɗa sun ƙare ba wanda ya sabunta su. Saboda haka mutum na iya mayar da falon tsohon gida mashaya ko kantin littattafai ko ɗakin zane. Masu zane da ɗalibai da mawaƙa suka fara shigowa a shekarun 1960, masu neman jinsi suka biyo sawu. Abin lura shi ne, tsananin son da 'yan Texas ke yi wa 'yancin mai dukiya a kan dukiyarsa, wanda ginshiƙi ne na ra'ayin mazan jiya, shi ne ya share wa unguwar fage. Mai gidan da ke neman wanda zai biya haya a tsohon gini ba ya yawan tambaya.

Arahar haya ba ta hana 'yan sanda zuwa ba. Birnin yana da wata tsohuwar doka da ta hana mutum sa tufafin ɗaya jinsin, kuma da ita aka riƙa kama mata a mashaya saboda sun sa wando mai zif a gaba. Sai a watan Agustan 1980 aka soke ta, bayan shekaru na naci daga Phyllis Frye, wadda daga baya ta zama alƙaliya a kotun birnin. A watan Yunin wannan shekarar 'yan sanda sun kai samame mashayar Mary's da ke titin Westheimer, suka kwashe mutum 61, ana gab da bikin shekara-shekara na masu neman jinsi. Zama wuri ɗaya ya sauƙaƙa wa mutane samun juna, ya kuma sauƙaƙa wa hukuma samun su.

Amma taruwa a unguwa ɗaya tana da wata riba da warwatsuwa ba ta da ita: ana iya ƙidaya ƙuri'u. A 1975 aka kafa ƙungiyar siyasa ta masu neman jinsi ta Houston, wadda aikinta shi ne tantance 'yan takara da raba wa mutane jerin waɗanda za su zaɓa. A ranar 16 ga Yunin 1977, da ƙungiyar lauyoyin Texas ta gayyaci mawaƙiya Anita Bryant, wadda ta jagoranci yaƙi da dokar kare su a Florida, dubban mutane suka yi maci zuwa tsakiyar birni. Yawan ya ba masu shirya macin kansu mamaki, ya kuma sa 'yan siyasa suka fara lissafi. A 1979 Eleanor Tinsley ta kayar da Frank Mann, tsohon ɗan majalisar birni da ya saba yi musu ba'a a bainar jama'a, kuma a 1981 Kathy Whitmire ta zama mace ta farko da aka zaɓa magajiyar garin Houston. Rumfunan zaɓen Montrose sun taka rawa a nasarorin biyu.

Sai dai unguwa ba birni ba ce, kuma an koyi wannan da zafi. A 1984 majalisar birni ta haramta nuna wa masu neman jinsi bambanci wajen ɗaukar ma'aikatan birnin. Doka ce mai ƙaramin fage, ba ta taɓa kamfanoni ko masu gidajen haya ba. Duk da haka coci-coci da wasu manyan 'yan kasuwa suka tattara sa hannu, aka kai batun ga ƙuri'ar raba gardama a watan Janairun 1985, aka kayar da dokar da kusan ƙuri'a huɗu a kan kowace ɗaya. A watan Oktoba na wannan shekara, tsohon magajin gari Louie Welch, wanda ke neman komawa kujerar, ya yi raha cewa hanya ɗaya ta magance cutar ƙanjamau ita ce a harbe 'yan luwaɗi, bai san makirfo na gidan talabijin yana buɗe ba. Ya faɗi zaɓen, amma a lokacin cutar tana cin unguwar gida-gida, kuma 'yan siyasar da a da ke neman goyon bayan Montrose suka riƙa ja da baya. Jinyar marasa lafiya ta koma hannun cibiyoyin da mazauna suka kafa da kansu: cibiyar ba da shawara da aka buɗe a 1978, da asibitin unguwa da ya fara aiki a 1981.

Haɗarin da ya fi muni ya zo ne daga shaharar unguwar. Duk wanda ke neman wanda zai ci wa zarafi ya san titin da zai bi. A daren 4 ga Yulin 1991 wasu samari goma daga The Woodlands, wata unguwar masu hali da ke arewa da birnin, suka shigo Montrose a mota, suka tare Paul Broussard, ma'aikacin banki ɗan shekara 27, yana dawowa daga gidan rawa, suka yi masa duka da suka har ya mutu. Zanga-zangar da ta biyo baya ta tare tituna. Mazauna suka kafa 'yan sintiri na sa-kai. Rundunar 'yan sanda ta tura jami'anta cikin farin kaya suna yawo kamar masoya, kuma ba a jima ba aka far wa jami'an su ma, abin da ya tabbatar wa rundunar ƙorafin da ta daɗe tana rainawa. An ɗauki shekara goma kafin jihar ta sa irin wannan hari a cikin dokarta ta laifuffukan ƙiyayya, a 2001.

Shari'ar da ta karya sashe na 21.06 kuwa ba daga Montrose ta fito ba. A ranar 17 ga Satumban 1998 jami'an tsaro na gundumar Harris suka shiga ɗakin John Lawrence a gefen gabashin Houston, bisa rahoton ƙarya cewa akwai wani mai bindiga a ciki, suka kama shi tare da Tyron Garner. Ba 'yan gwagwarmaya ba ne, talakawa ne da ke zaune inda ƙarfinsu ya kai. Amma labarin ya isa kunnen masu fafutuka da lauyoyin da shekaru ashirin na tsari suka samar a birnin, su kuma suka ga cewa wannan ce shari'ar da suke jira. An ci kowannensu tarar dala 200, aka ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a ranar 26 ga Yunin 2003 ta yanke hukunci, alƙalai shida da uku, cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya rushe irinta a duk jihohin da suka rage. Texas ta bar matacciyar dokar a rubuce cikin kundinta fiye da shekara ashirin bayan haka, kuma a 2005 kusan kashi 76 cikin ɗari na masu zaɓenta suka amince da haramta auren jinsi a tsarin mulkin jihar.

Tun daga nan tafiyar ta zama gaba ɗaya baya ɗaya. Jihar da tun 1994 ba ta zaɓi ɗan jam'iyyar Democrat a wani muƙami na faɗin jiha ba, birninta mafi girma ya zaɓi Annise Parker magajiyar gari a Disambar 2009, macen da ba ta taɓa ɓoye cewa da mace take zaune ba, wadda kuma ta koyi siyasa a ƙungiyoyin Montrose. An sake zaɓenta sau biyu. Masu zaɓe sun yarda ta riƙe musu baitulmali da magudanan ruwa, amma da ta kawo doka a 2014 mai hana nuna bambanci a aiki da gidan haya da wuraren kasuwanci, sai suka soke ta a Nuwamban 2015 da kusan kashi 61 cikin ɗari, bayan kamfen da ya mayar da batun gaba ɗaya kan wanda zai shiga banɗakin mata. Yarda da mutum ɗaya da aka sani ya fi musu sauƙi a kan ba da kariya ga waɗanda ba su sani ba.

A halin da ake wannan tirka-tirka, unguwar tana zamewa daga hannun waɗanda suka raya ta. Gidajen da suka gyara da gidajen abincin da suka buɗe sun ja hankalin masu kuɗi, kuma rashin dokar filaye da ya ba su damar shiga shi ne ya ba magina damar rushe tsofaffin gidaje su jera dogayen benaye masu tsada. Manhajojin waya sun rage buƙatar mashaya a matsayin wurin haɗuwa. Masu hali daga cikin masu neman jinsi suka bazu zuwa wasu unguwanni, domin yanzu suna iya zama kusan ko'ina a cikin birnin; matashin da ya gudo daga ƙaramin gari da 'yar jakarsa kuwa, wanda shi ne ya fi buƙatar Montrose, hayarta ta fi ƙarfinsa. An rufe Mary's a 2009, ginin ya koma shagon sayar da kofi. A 2015 jerin gwanon shekara-shekara, wanda tun 1979 yake bin titin Westheimer, ya koma tsakiyar birni.