Tarihin LinkedIn: Me Ya Sa Aiki Ke Zuwa Ta Hannun Wanda Ba Ku Shaƙu Ba?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Bari in fara da kaina. Lokacin da na gama bautar ƙasa, na fi shekara guda ina yawo da takardu a jaka. Abokaina na kusa duk sun so su taimake ni, amma matsalar ita ce abin da na sani shi suka sani, ƙofar da na buga ita suka buga. Aikin da na fara samu ya zo ne ta hannun wani da muka yi aji ɗaya, wanda ko lambarsa ba ni da ita. A LinkedIn ya ga abin da nake yi, ya tura ni wajen mai neman irina. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin sa'a kawai. Ashe akwai tarihi a bayansa, kuma shi ne zancenmu na yau.

Tarihin bai fara da intanet ba. A 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da wani bincike da ya yi a garin Newton kusa da Boston. Ya tambayi ƙwararrun ma'aikata yadda suka samu aikinsu. Fiye da rabinsu suka ce ta hannun wani da suka sani ne. To, ga abin mamakin: a cikin waɗannan, waɗanda ke yawan ganin mutumin da ya yi musu hanya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran duk sai jefi-jefi suke haɗuwa da shi. Dalilin a fili yake. Amininka a da'irarka yake, labarinku ɗaya. Amma wanda kuke gaisawa sama-sama yana shiga wuraren da kai ba ka shiga, yana jin abin da kai ba ka ji.

Da intanet ya bunƙasa, sai wasu suka ce me zai hana a zana wannan sarƙa ta sanayya a kwamfuta? A 1997 Andrew Weinreich ya buɗe shafin SixDegrees, wanda aka gina a kan tunanin cewa tsakanin kowane mutum biyu a duniya akwai kimanin matakai shida na wane ya san wane. Shafin ya tara miliyoyin mutane, amma bai yi tsawon rai ba, domin ya zo kafin lokacinsa. A waccan shekarar ce kuma Reid Hoffman ya kafa nasa shafin, SocialNet. Shi ma bai kai labari ba.

Hoffman ya koma kamfanin PayPal, kuma da eBay ya saye shi a 2002 kan dala biliyan 1.5, sai ya samu jari. A ƙarshen shekarar shi da abokansa huɗu suka fara gina LinkedIn a falon gidansa, suka buɗe shi ranar 5 ga Mayu, 2003. Kada ku ɗauka nan take duniya ta ruɗe. A ƙarshen watan farko mutum 4,500 ne kawai a ciki, kuma akwai ranakun da masu rajista ba su wuce 20 ba. A shekarar ce Hoffman da Mark Pincus suka sayi haƙƙin mallakar fasahar SixDegrees kan dala 700,000. Ka ga mataccen shafi ya bar gado ke nan.

Abin da ya fi burge ni a tsarin farko shi ne, ba ka isa ka faɗa wa baƙo kai tsaye ba. Idan kana son kaiwa ga wani, sai ka bi ta hannun wanda ya san ku, ya gabatar da kai. Duk wanda ya san tarihin fataucin goro da shanu ya gane wannan tsarin. Bafatake idan ya sauka a zango, a Salaga ko a Sabon Ibadan, maigidansa ne ke saukar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da kaya bashi. Amana ce ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Hausawa suka ce mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.

Daga 2005 shafin ya fara karɓar kuɗi daga masu tallata guraben aiki da masu son ƙarin dama, ya fara cin riba a 2006. Ku riƙe wannan, domin yana nuna muku su waye manyan kwastomominsa: masu neman ma'aikata. Su ne ke biya don su bincika bayananmu. A 2011 mambobi suka kai miliyan 100, kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. A 2016 Microsoft ya saye shi kan dala biliyan 26.2, sannan a 2023 ya sanar da cewa mambobinsa sun kai biliyan 1.

Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. A 2012 masu kutse suka sace kalmomin sirri, aka ce kimanin miliyan 6.5 ne. Sai a 2016 ta bayyana cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. Kuma da jama'a suka yi yawa, shingen gabatarwar nan ya yi sako-sako, 'yan damfara masu aikin bogi suka samu ƙofa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ɗauke ka aiki, don Allah ka yi nesa da shi.

Yanzu mu koma kan Granovetter. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi kan masu amfani da LinkedIn fiye da miliyan 20, tsakanin 2015 da 2019. Sakamakon ya gaskata shi, amma da ɗan gyara: ba amini ne ya fi kawo aiki ba, ba kuma baƙo ɗungurungum ba. Na tsakiya ne, wanda kuke da 'yar sanayya da wasu mutane a tsakaninku.

To, me wannan ke gaya mini da kai? Tura wa mutum dubu buƙatar haɗuwa ba shi ne ba. Ka cike bayananka da gaskiya, da kalmomin da masu neman irin sana'arka za su rubuta wajen bincike. Ka nemo tsoffin abokan karatu, da wanda kuka taɓa aiki tare, da kwastoman da ka sallama da kyau. Ke mai ɗinki ko mai sayar da kaya, ki nuna aikinki, ba hoto kawai ba. Kuma ka gaisa da mutum tun kafin buƙatarka ta taso, domin zumunci a ƙafa yake ko da a waya ne.

Shafin zai nuna maka hanyar da ta bi daga gare ka zuwa ga wanda kake nema. Amma sai wani a kan hanyar ya yarda ya ce, "Na san shi, ba ya wasa da aiki." Wannan shedar kai ne za ka gina ta.

Ku gaya mini, ku ta hannun wa aikinku na farko ya zo? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.