Gadon Zanen Jijiyoyi a Furen Iris

Iris wata shuka ce da ake nomawa domin ado, musamman a ƙasashen Turai da Amurka. A jikin furenta akan ga siraran layuka kamar jijiyoyi, waɗanda sinadarin antosayanin ke bai wa launin shuɗi ko shunayya.

Wannan zane gadonsa ake yi. Yawancin tsoffin irin lambu sun samo asali ne daga barbarar iri biyu: Iris variegata na tsakiyar Turai, mai fure rawaya da jijiyoyi masu duhu, da Iris pallida na gaɓar tekun Kuroshiya, mai launin shuɗi-shuɗi. Zanen da ake kira plicata, wato farin fure mai ɗige-ɗige a gefe, ɓoyayyen hali ne, ba ya bayyana sai an gaje shi ta wajen uwa da uba baki ɗaya. Tsoffin iri na da kuromosom 24, na zamani kuwa 48, abin da ya ƙara wahalar hasashen sakamakon barbara.

Saboda haka, mai son zane ya ɗore sai ya raba saiwar ya dasa, kamar yadda ake dasa itacen rogo. Ƙwayar da aka shuka kuwa takan kai kimanin shekara 2 kafin ta yi fure, kuma sau da yawa zanenta kan saɓa wa na uwar.