Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau

Muhammadu Makau ɗan Isiyaku Jatau shi ne sarkin Haɓe na ƙarshe da ya zauna a birnin Zariya, kuma daga gidansu sarautar Suleja ta yau ta fito. Mahaifinsa na cikin sarakunan da suka karɓi kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo hannu bibbiyu. Da Makau ya gaje shi sai ya janye wannan goyon baya, masu jihadi kuwa suka nufo Zazzau ƙarƙashin tutar Malam Musa, tare da Yamusa, jagoran Fulanin Barno.

Masana sun saɓa a kan shekarar faɗuwar birnin. Tarihin Abuja (wato Suleja ta yau) da Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda aka buga a 1952, ya ce 1804 ce, haka ma M. G. Smith a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau. Murray Last, wanda ya dogara da rubuce-rubucen Sakkwato, ya kai ta ƙarshen 1808. Wannan ya fi kama hankali, domin 1804 shekarar hijirar Shehu ce zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto, da wuya a ce tuta ta riga ta ci Zariya tun a lokacin.

Ruwayar Abuja ta ce a filin idi, bayan gari, hari ya riski Makau, bai kuma sake shiga fadarsa ba. Ya yi kudu da 'yan'uwansa da manyan fadawansa. A Kauru aka rufe masa ƙofa, duk da cewa ƙasar Zazzau ce. Kajuru ta ba shi masauki, ta kuwa sha kewaye saboda shi, har ya ga zamansa zai jawo wa masu masaukinsa halaka, ya ƙara gaba. Daga bisani ya sauka Zuba wurin mutanen Koro, kusa da dutsen Zuma. Nan ma dakarun masu jihadi daga Zariya suka biyo shi, amma suka koma ba su ci garin ba. Abin lura a wannan gudun hijira shi ne masu sarauta da dama sun zaɓi wahalar daji tare da ubangidansu a kan zama a birni, abin da ya sa tsarin sarautun tsohuwar Zazzau ya tsira a kudu, har Smith ya same shi ya yi nazari.

Shekarun da suka biyo baya na yaƙe-yaƙe ne a ƙasar Gwari da Koro, kuma Makau bai gina birni nasa ba. An kashe shi a 1825 wajen yaƙin Lapai, bayan yawancin mayaƙansa, da suka gaji da yawon yaƙi, sun ja baya sun bar shi.

Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828, garin da Fulani ba su taɓa ci ba har zuwan Turawa a 1902. Bayan an ware sabon babban birnin tarayya a 1976, garin ya bar masa sunan, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Sarkinsa har yau Sarkin Zazzau Suleja ake ce masa.